The Vipers da Kiɗan Sikiful na Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne The Vipers?

Ƙungiyar makaɗa ce da ta tashi a Landan a shekarar 1956, cikakken sunanta The Vipers Skiffle Group. Mutum uku suka kafa ta, dukkansu masu jita da waƙa: Wally Whyton, Johnny Martyn wanda kuma ake kira Johnny Booker, da Jean Van den Bosch. Ba a jima ba Tony Tolhurst ya shigo da bes, babban abin kiɗa mai tsirkiya da sauti mai kauri, John Pilgrim kuma ya riƙe allon wanki. Whyton shi ne jagora, kuma kafin kiɗa ya ɗauke shi zanen tallace-tallace yake yi. Shekara huɗu kacal suka yi, tasheninsu na gaske ma bai wuce 1957 ba. Duk da haka, in an cire Lonnie Donegan, mawaƙin da ya fi kowa suna a salon, da wuya a ambaci wata ƙungiyar sikiful kafin su.

Mene ne shi wannan sikiful ɗin?

Kiɗa ne na hannu da baki, ba lantarki. Ana haɗa jita ɗaya ko biyu ko uku, da banjo in akwai, da kayan gida da aka mayar kayan kiɗa: allon wanki na ƙarfe a madadin ganga, akwatin ganyen shayi da sanda da igiya a madadin bes, wani lokaci da tulu ko mataji da takarda ana hurawa. Waƙoƙin kuwa yawancinsu na Amurka ne: blues, waƙoƙin ma'aikatan jirgin ƙasa, na fursunoni, na coci, da na mutanen tsaunukan Appalachia. Asalin salon na baƙaƙen fatar Amurka ne a shekarun 1920, waɗanda suke shirya kiɗa a ɗaki su karɓi kuɗin ƙofa don su haɗa kuɗin haya. Wanda ya san kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, da ake haɗawa da gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya, ya riga ya fahimci tunanin: abin da hannu ya kai gare shi, da shi ake kiɗa.

To yaya kiɗan baƙaƙen Amurka ya zama na samarin Landan?

Ta hanyar masu jaz ya shigo. Ken Colyer, mai busa ƙaho, ya kama aikin jirgin ruwa don kawai ya isa New Orleans a 1952. Ya wuce wa'adin takardunsa, aka tsare shi, aka koro shi gida a 1953. Da ya dawo sai ya jagoranci ƙungiyar da Chris Barber da Lonnie Donegan suke ciki. Busa ƙaho na gajiyar da leɓe, saboda haka a tsakiyar wasa masu busa sukan huta, sai mutum uku ko huɗu su ɗauki jita da bes da allon wanki su rera waƙoƙin Lead Belly, mawaƙin gargajiya baƙar fata na Amurka, da ire-irensa. Wannan ɗan cike-gurbin ne aka raɗa wa suna sikiful, sunan da aka aro daga tsofaffin fayafayan Amurka.

A 1954 Colyer ya rabu da su, Barber ya karɓi jagoranci. A watan Yuli na shekarar suka naɗi faifai wa kamfanin Decca, a ciki Donegan ya rera "Rock Island Line", Barber na bes, Beryl Bryden na allon wanki. Ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Sai a ƙarshen 1955 aka fitar da ita a faifanta ita kaɗai, a farkon 1956 ta shiga goma na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, ta kuma shiga goma na farko a Amurka. Abin da Donegan ya samu na aikin naɗin fam uku da sule goma ne, ba shi da kaso a ciniki.

Akwai kuma dalilin da ya sa Turawan Ingila ne suke rera waƙoƙin ba masu su ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa 1956 akwai takun-saƙa tsakanin ƙungiyoyin ƙwadagon makaɗa na ƙasashen biyu, wanda ya hana ƙungiyoyin kiɗa na Amurka yin wasa a Birtaniya. Ɗaiɗaikun mawaƙa irin su Big Bill Broonzy, wanda ya zo a 1951, su ne suke samun shiga. Sauran sai dai a ji su a faifai, faifan ma da ƙyar ake samunsa.

Me ya sa matasa suka rungume shi haka da sauri?

Arha da sauƙi. Sai a 1954 aka daina rabon abinci da kati a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yara suna barin makaranta suna da shekara 15 su kama aiki, ga ɗan kuɗi a aljihu, amma ba wanda zai ishe su sayen fiyano ko ƙaho da biyan malami shekara da shekaru. Kiɗan rediyo na lokacin na manyan ƙungiyoyi ne masu karanta rubutun kiɗa. Sai ga Donegan da waƙar da yaro zai iya kwaikwaya cikin mako biyu. Akwatin shayi ana samunsa a wurin mai shago, allon wanki yana bayan gida, jita ce kaɗai za a saya. An ƙiyasta cewa a 1957 ƙungiyoyin sikiful a ƙasar sun kai tsakanin 30,000 da 50,000. BBC ma ta bi sahu: shirin talabijin na Six-Five Special ya fara a Fabrairun 1957, na rediyo mai suna Saturday Skiffle Club ya biyo baya a shekarar.

A ina The Vipers suka yi suna?

A shagon shan gahawa na 2i's, lamba 59 a titin Old Compton cikin unguwar Soho, wanda Paul Lincoln, ɗan kokawa daga Ostareliya, da abokinsa Ray Hunter suke gudanarwa. A lokacin bikin unguwar na watan Yulin 1956 suka tsaya suka yi kiɗa a wurin, jama'a suka taru, mai shago ya riƙe su suka zama 'yan gida. Ɗakin wasan a ƙarƙashin ƙasa yake, ƙarami, ga zafi ga cunkoso, dandalin da ƙyar yake ɗaukar mutum biyar. Shagon gahawa ba ya sayar da giya, don haka yara masu shekara 15 da 16 suna iya shiga, abin da mashaya ba ta yarda da shi. A nan Tommy Steele ya hau dandali tare da su, masu farautar mawaƙa suka gan shi, kafin shekara ta ƙare ya zama tauraron rock and roll na farko da Birtaniya ta haifa.

Wannan ɗakin ya yi tasiri a kan sautinsu. Donegan mawaƙi ne guda da 'yan rakiya a bayansa. Su kuwa The Vipers muryoyi uku ne suna karɓa-karɓa, da amshi mai sauƙi da duk ɗakin zai ɗauka. A ganinmu nan ne ƙarfinsu yake, kuma shi ne abin da faifai bai iya kamawa gaba ɗaya ba.

Waɗanne fayafai suka yi, kuma me ya sa ba su kai na ɗaya ba?

George Martin, mai shirya fayafai na kamfanin Parlophone, ya ɗauke su kafin ƙarshen 1956. Faifansu na biyu, "Don't You Rock Me Daddy-O", ya kai na 10 a farkon 1957. "Cumberland Gap" shi ma ya kai na 10, "Streamline Train" ya tsaya a na 23. Sun kuma fitar da dogon faifai mai suna Coffee Bar Session.

Abin da ya tare musu hanya shi ne Donegan. Ya naɗi tasa "Don't You Rock Me Daddy-O" ta kai na 4, ya naɗi "Cumberland Gap" ta hau na ɗaya ta yi mako biyar. A wancan zamani wannan ba laifi ba ne a kasuwa: da zarar waƙa ta fara tashe, kamfanoni biyu ko uku sukan fitar da ita da mawaƙansu a lokaci guda. Waƙar gargajiya kuwa ba mai iya killace ta. Mai sayen faifan garmaho ɗaya a mako zai ɗauki na wanda ya fi sani, kuma Donegan ya riga su shiga rediyo da talabijin da manyan zaurukan wasa da shekara guda cur. Sauƙin da Whyton ya samu shi ne sunansa yana cikin waɗanda aka rubuta a matsayin masu "Don't You Rock Me Daddy-O", tunda shi ya sake tsara ta daga wata tsohuwa, don haka cinikin Donegan ma ya kawo masa kaso.

Da gaske ne BBC ta hana sa wata waƙarsu?

Gaskiya ne. "Maggie May" ce, a 1957. Tsohuwar waƙar ma'aikatan jirgin ruwa ce ta Liverpool, a kan wata karuwa da ta yi wa matuƙi sata. Maganar ce ba ta yi wa hukumar daɗi ba.

Yaya ake haɗa bes ɗin akwatin shayi?

Kayan aiki huɗu ne. Akwati na siririn filawud mai tsayin kamar santimita 60 da faɗin 40 zuwa 50, buɗe ta gefe ɗaya. Sanda miƙaƙƙiya mai tsayin mita 1.2 zuwa 1.5, irin ƙotar burushin shara. Igiya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, tsayin mita biyu, wadda ba ta cika talewa ba. Sai washa babba ko guntun katako mai huda.

A kife akwatin, bakin yana ƙasa. A huda tsakiyar fuskar da ke sama daidai kaurin igiyar, kada a wuce. A zura igiyar, a sa washa ta ciki, a ƙulla babban ƙulli a bayanta. A huda sandar ko a yi mata tsaga kusa da kai, a ɗaure ɗaya bakin igiyar a nan. Gindin sandar yana tsayawa a kusurwar akwatin, inda katakon ya fi ƙarfi. In aka kafa ɗan guntun katako mai rami a wurin, sandar ba za ta zame ba. Tsayin igiyar ya zama daidai yadda in sandar ta ɗan sunkuya wajen tsakiya igiyar ta miƙe. Mai kiɗa ya taka gefen akwatin da ƙafa ɗaya, ya riƙe sandar da hannu ɗaya, ya fizgi igiyar da ɗayan. Jan sandar baya yana ɗaga sauti, sassautawa yana saukar da shi.

Inda ake samun matsala wurare ne sanannu. In ba washa, ƙullin zai ci katakon ya fito cikin 'yan kwanaki, domin filawud ɗin bai wuce milimita 3 ko 4 ba. In akwatin ya zauna daram a ƙasa, iskar ciki ba ta da mafita, sautin ya shaƙe. A ɗaga gefe ɗaya da guntun katako mai kaurin santimita 2 ko 3. In aka taka tsakiyar fuskar maimakon gefe, ƙafa ta kashe rawar katakon, amo ya mutu. Kwali ba ya yi, katako mai kauri ma ba ya yi, domin fuskar sama ita ce take rawa ta tura iska. Igiyar roba mai talewa kuwa sai a ja sanda har ƙarshe sautin bai motsa ba.

Akwai iyaka da ba gyaran da zai kawar. Kafin sautin igiya ya ninka tsayi sai an ninka ƙarfin ja sau huɗu, abin da akwati da hannu ba za su jure ba. Shi ya sa ƙwararru suke haɗawa da danne igiyar a jikin sanda don rage tsayinta. Ko da hakan, sautuka kaɗan yake bayarwa, kuma kusa-kusa ne ba daidai ba. Aikinsa duka ne mai kauri a kan ƙirga na ɗaya da na uku. Yatsu kuma za su yi bororo a makon farko, sai a naɗe su da filasta ko a sa safar hannu ta fata.

Allon wanki fa?

A nemi mai fuskar ƙarfe mai gargada cikin firam na katako. Na gilashi ba shi da amo kuma yana fashewa. Ana sa wa yatsu hular ƙarfe irin wadda masu ɗinkin hannu suke sawa, uku a kowane hannu ya isa. Ana ɗora allon a cinya ko a rataye shi a wuya. Hannu ɗaya yana gogawa sama da ƙasa ba tsayawa, ɗayan yana buga ƙirga na biyu da na huɗu. Hular takan zame in gumi ya zo, don haka a zaɓi mai matsewa ko a naɗa ɗan salatif a yatsa kafin a sa.

Babban laifin masu allon wanki shi ne ƙara. Sautinsa siriri ne mai kaifi, yana huda komai, a ƙaramin ɗaki yakan binne jita da murya. In mai waƙa yana baiti, a goga da kan yatsa biyu kawai, ko a jingina bayan allon a jiki ya rage amo. A saki hannu a wurin amshi.

Wane irin ilimin jita ake buƙata?

Kamu uku, wato yadda ake danne tsirkiyoyi a fitar da sautuka masu jituwa. A maɓallin G su ne G da C da D. A maɓallin E su ne E da A da B7. Yawancin waƙoƙin ko dai kamu biyu ne, ko kuma tsarin blues mai zango 12, kowane zango ƙirga huɗu: huɗu a G, biyu a C, biyu a G, ɗaya a D, ɗaya a C, biyu a G, a sake. In waƙar ta yi wa murya ƙasa, ba sai an koyi sabon kamu ba, a ɗaura kafo, ɗan matsi mai danne dukkan tsirkiyoyi ya ɗaga sauti, a wuyan jitar a gaɓa ta biyu ko ta uku.

Jita mai arha tana da ciwo ɗaya da ya sa yara da yawa suka ajiye ta: tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya. A gaɓa ta 12 tazarar ta kamata ta kasance milimita 2.5 zuwa 3. In ta kai 5, dannewa na ciwo, sautin kuma yana haurawa ya saɓa. Ana gyarawa ta hanyar goge ƙasan ƙashin da tsirkiyoyin suke hawa a cikin jitar, kaɗan-kaɗan, ko a sa tsirkiya marasa kauri.

In jita uku ne kamar na The Vipers, kada duka su riƙa yin abu ɗaya, sautin zai dagule. Ɗaya ta riƙe duka cikakke, ɗaya ta sa kafo ta yi kamun a sama, ta uku ta riƙa amsa wa mai waƙa a tsakanin baituka. Sannan a kula da gudu. Sababbin ƙungiyoyi kan fara a hankali su ƙare a guje ba da niyya ba, saboda kowa yana bin mai ƙara. A "Rock Island Line" da gangan ake ƙara gudun, ana kwaikwayon jirgin ƙasa da ya tashi, kuma yara da yawa sun ɗauka haka ake yi wa kowace waƙa. Maganinsa mai bes ya zama shi ne ma'auni, kowa ya saurare shi.

Me ya kashe kasuwar sikiful, kuma ina The Vipers suka nufa?

Sauƙin da ya ɗaga shi shi ya taƙaita shi. Bayan shekara biyu kowa ya ji waƙoƙin nan guda ashirin ko talatin daga bakin ƙungiya ɗari. Waɗanda hannunsu ya faɗa suka so abin da akwatin shayi ba zai ba su ba, ga kuma Elvis Presley da Buddy Holly da jitar lantarki. A 1958 Cliff Richard ya fito da "Move It", hankalin kamfanoni ya koma can.

The Vipers sun gwada bin zamani. A 1958 suka cire "Skiffle Group" daga sunansu, tsofaffin 'yan ƙungiya suka fara watsewa, Whyton ya ɗauko matasa daga 2i's. Jet Harris mai bes, Tony Meehan mai ganga da Hank Marvin mai jita duk sun ratsa ta cikinta. Ba su daɗe ba suka koma bayan Cliff Richard tare da Bruce Welch, a ƙungiyar da ta fara da suna The Drifters ta koma The Shadows a 1959, wadda ta hau na ɗaya da "Apache" a 1960. A wajen wannan shekarar ne The Vipers ta tsaya. Whyton ya koma shirye-shiryen yara a talabijin, daga baya ya shafe shekaru yana gabatar da shirin kiɗan country a rediyon BBC. Ya rasu a 1997.

Sauran jama'ar sikiful sun kasu uku. Wasu sun bi rock and roll. Wasu sun bi blues ɗin zuwa tushensa, musamman bayan Chris Barber ya kawo Muddy Waters a 1958. Wasu kuma suka juyo suka nemi waƙoƙin gargajiyar Ingila da Sikotland da Ayaland, suka cika kulob-kulob na waƙar gargajiya a shekarun 1960.

Akwai alaƙa da The Beatles?

Akwai, ta fuska uku. Ƙungiyar John Lennon ta farko, The Quarrymen, ta sikiful ce, da allon wankinta da akwatin shayinta, kuma a wasanta na ranar 6 ga Yuli 1957 a harabar cocin St Peter da ke Woolton ya haɗu da Paul McCartney. George Martin da ya naɗi The Vipers shi ne ya ɗauki The Beatles a Parlophone a 1962, kuma aiki da matasa masu jita da ba su karanta rubutun kiɗa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Sannan ɗan guntun waƙar nan ta Liverpool da BBC ta hana ya fito a faifan Let It Be na 1970. Ba su kaɗai ba ne: Jimmy Page na Led Zeppelin ya fito a talabijin na BBC a 1957 yana yaro, cikin ƙungiyar sikiful.

Masu waƙoƙin na asali sun amfana?

Kaɗan ƙwarai, kuma wannan tabo ne a tarihin da bai kamata a rufe ba. "Rock Island Line" John Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya naɗe ta a 1934 daga bakin fursunoni baƙaƙe a jihar Arkansas. Lead Belly, wanda yake tare da shi a tafiyar, ya koye ta ya yaɗa ta, ya rasu a 1949 bai ga kasuwar da ta yi ba. Al'adar kamfanoni ita ce a kira waƙa ta gargajiya, a rubuta sunan wanda ya sake tsara ta, kaso ya tafi gare shi da mai buga ta. "Freight Train", wadda Chas McDevitt da Nancy Whiskey suka kai na 5 a 1957, ba ma ta gargajiya ba ce: Elizabeth Cotten ta jihar North Carolina ta ƙirƙire ta tun tana yarinya, kuma tana raye tana aikin gida a wurin iyalin Seeger, sanannun mawaƙan gargajiya na Amurka, lokacin da faifan ya fito da sunan wasu. Sai da iyalin suka sa baki aka amince da haƙƙinta. Duk mai son rera waɗannan waƙoƙi yau, ya binciki mai su ya ambace shi a dandali da jikin faifai.

Salon ya mutu ke nan?

Bai mutu ba, ya dai bar jerin kasuwa. A farkon shekarun 1980 matasan da suka taso cikin kiɗan punk suka sake ɗaukar kayan hannu, suka haɗa zafin punk da waƙar gargajiya. The Pogues sun fara a Landan a 1982, The Men They Couldn't Hang a 1984. A Birmingham, Terry and Gerry suka dawo da allon wanki da bes na tsaye, suna rera waƙoƙin da suka rubuta da kansu a kan rayuwar zamaninsu, John Peel, mai sa fayafai a rediyo, kuma ya ba su fili a shirinsa na BBC. Bambancin nan na rubuta waƙar kai shi ne abin da 'yan 1957 suka rasa, shi ya sa na baya ba su shiga rikicin faifai biyu a kan waƙa ɗaya ba. A 1998 Van Morrison, wanda shi ma da sikiful ya fara a Belfast, ya haɗa Donegan da Barber suka yi wasa a garin, aka fitar da naɗin a 2000. Donegan ya rasu a Nuwamban 2002, yana tsakiyar rangadin wasa. A 2006 aka kafa allon tunawa a jikin ginin da 2i's take a da.